MAGANI KYAUTA, ASIRI A KASUWA

Bahaushe in ya ɗaga hannu yana roƙon Ubangijinsa, kafin ya ambaci dukiya ko sarauta yakan ce: Allah ya rufa mana asiri. In kuma ka tambaye shi halin da wani magidanci yake ciki ya ce maka "yana da rufin asiri", nufinsa mutumin yana da abin ci da iyalinsa, ba ya zuwa ƙofar kowa. Kakanninmu da suka raɗa wa wadata da sirri suna guda sun san abin da suka gani. Sun lura cewa ranar da mutum ya miƙa hannu, ranar ce mutane suke jin sun sami izinin ɗaga labulen ɗakinsa. Mai kuɗi yakan yi ciwonsa ya warke ba wanda ya ji. Talaka kuwa, kafin a ba shi ƙwaya guda sai ya faɗi sunansa da na ubansa, da unguwarsa, da yawan iyalinsa, da abin da aka dafa jiya a gidansa.

Wannan tsohon zance ne ya dawo mana cikin sabuwar riga. Gwamnati tana biya wa wasu ƴan ƙasa kuɗin magani, kuma an daɗe ana maganar faɗaɗa abin har ya zama inshorar lafiya ta kowa da kowa. Madalla, mu ma muna so. Abin tambaya shi ne: in gwamnati ta biya maka magani, ta sayi asirinka ke nan? Ni na ce a'a. Na kuma ce a rubuta wannan a'a ɗin ɓaro-ɓaro cikin doka tun kafin a gama zuba sunayen talakawa cikin kwamfuta, domin tun ran gini, ran zane.

ABIN DA NA GANI A KAN BENCI

Ba cikin littattafan jami'a na tsinci wannan ra'ayi ba. Bara da kaka na raka wata gwaggona gidan likita. Mijinta ya rasu, ba ta da mai ɗaukar nauyinta, ciwon kuma irin na mata ne, wanda ta yi wata bakwai tana ɓoye wa har ƴaƴan cikinta. Sai da muka yi kwana uku muna zirga-zirga tsakanin mai unguwa da ma'aikatar magajin gari kafin a ba mu takardar shaidar rashin hali, kuma a kowane tebur sai an sake tambayar ta abin da ke damun ta, alhali babu likita ko ɗaya a wurin. Ranar da muka isa asibiti benci cike yake, maza da mata, har da ƴan unguwarmu. Can sai wani matashin ma'aikaci ya leƙo da takardu a hannu, ya ɗaga murya: "Ina tsohuwar nan ta marasa hali, mai ciwon mahaifa?"

Gwaggo ba ta motsa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce mini a hankali: "Ɗana, tashi mu tafi gida. Ciwon ya fi mini wannan sauƙi." Da ƙyar na lallashe ta ta shiga. Kafin mu iso gida labari ya riga mu, an kuma ƙara masa gishiri. Ranar da aka ce ta koma ba ta koma ba, ta gwammace jiƙe-jiƙen wani mai magani na ƙauye wanda, ko ba komi, ba ya kiran sunan ciwo a gaban mutane. Sai bayan wata huɗu muka mai da ta, a kwance cikin amalanke.

Ban riƙe yaron nan a zuciya ba. Mutum ɗari ne a gabansa, ba wanda ya taɓa koya masa cewa abin da ke hannunsa amana ce, ba kuma wanda zai tuhume shi. Amma na lura da abu ɗaya: duk waɗanda suka biya kuɗinsu a ranar, da sunansu kawai aka kira su. Gwaggo ce aka kira da talaucinta da ciwonta. Kuma ni ɗin nan na taɓa sayen ƙosai a bakin tasha aka ƙunsa mini cikin shafin da aka yago daga rajistar wani gidan likita: suna, shekaru, unguwa, ciwo, layi bayan layi, mai ya jiƙa su.

HANNU NAWA TAKARDA TAKE BI?

Yana da kyau mu tuna yadda muka iso nan. Bayan taron Bamako na 1987 aka ce majinyaci ya riƙa sa hannu cikin kuɗin maganinsa, kuma dokar 1995 ta tabbatar da haka a ƙananan gidajen likita na ƙasarmu. Wanda ba ya da ko dala ya zauna gida. A zamanin shugaba Tanja Mamadu aka fara sassautawa: a 2005 tiyatar haihuwa ta zama kyauta, a 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin iyali, a 2007 kuma sankarar mata. A Agusta 2024 hukuma ta rage farashin aikin likita a asibitocin gwamnati, ta kuma mai da haihuwa kyauta. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ɗakin haihuwa aljihu wayam ya san darajar waɗannan matakai.

Sai dai abin da ake kira kyauta, a gaskiya bashi ne da gidan likita yake bin baitulmali. Ba a kuwa biyan bashi sai da shaida: wa aka yi wa aiki, wane aiki, yaushe. Takardun neman biya sukan tashi daga ƙauye su bi ta gunduma, su bi ta jiha, su isa Yamai, inda aka ɗora wa hukumar INAM nauyin tantancewa da biya. Masu bincike kuma sukan zo su buɗe rajista su duba. Kowane mataki yana da teburinsa, kowane tebur yana da sakatare da masinja da mai shara da abokin shan shayi. Wanda ya biya daga aljihunsa, zancensa yakan tsaya tsakaninsa da likita. Wanda gwamnati ta biya wa, labarin ciwonsa yana iya yin tafiyar da shi kansa bai taɓa yi ba.

Ga kuma wata rajistar a gefe. Tun 2011, da taimakon Bankin Duniya, aka fara shirin ba gidaje masu rauni jikka goma a wata. Don a zaɓe su, matasa sukan shiga gida-gida da na'ura a hannu suna tambaya: rufin ɗaki na kwano ne ko na ciyawa, awaki nawa, sau nawa ake ɗora tukunya. Daga irin wannan aiki ne ake gina rajistar bai ɗaya ta masu rauni a ƙasa. Ranar da aka haɗa wannan rajista da ta asibiti da ta katin ɗan ƙasa mai zanen yatsa, lamba guda za ta buɗe wa mai riƙe da mabuɗi komi na mutum: fuskarsa, ƙofar gidansa, talaucinsa da ciwonsa.

Za a ce ai muna da dokoki. Haka ne, a takarda ba mu da abin jin kunya. Kundin hukunta laifuffuka ya tanadi ɗauri da tara ga likitan da ya tona sirrin aikinsa. Dokar ciwon sida ta 2007, wadda aka sake a 2015, ta yi maganar sirrin masu ɗauke da cutar. A Mayu 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, aka kafa mata hukumar HAPDP, aka kuma sabunta ta a Disamba 2022, kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake taka-tsantsan da su. To amma ku je Ɗan Isa ko Matamai ko Buza ku tambayi mutum goma a kasuwa ko sun taɓa jin sunan wannan hukuma. Sa'an nan dokar sirrin likita an yi ta ne don bakin da ya suɓuce. Ba ta hango ranar da minista zai ɗaga waya ya ce a kwafe masa kundi gaba ɗaya ba. Ga wanda yake jin irin wannan rana ba za ta zo ba, bari mu leƙa inda ta riga ta zo.

GEMUN AMURKA YA KAMA WUTA

A Amurka akwai inshorar lafiya ta gwamnati mai suna Medicaid, wadda shugaba Lindon Jonson ya sa wa hannu a 1965 domin masu ƙaramin ƙarfi. Gwamnatin tarayya da jihohi ne suke haɗa kuɗinta. Dokar da ta kafa ta ta wajabta wa kowace jiha ta tsare bayanan masu neman taimakon da masu cin moriyarsa, kada a yi aiki da su ko a bayyana su sai ga abin da ya shafi gudanar da shirin kai tsaye. Wannan sharaɗi ya girmi Medicaid ɗin kanta. An shigar da shi cikin dokar taimakon jama'a tun 1939, bayan an ga ƴan siyasa a zaɓen 1938 sun ɗebi sunayen tsofaffin da gwamnati take taimaka wa suna bin su da neman ƙuri'a. Ɗan Nijar ɗin da ya ga yadda aka riƙa rabon hatsin agaji a shekarun zaɓe ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Katangar ba ta shekara goma sha biyu ba aka fara rarake ta. A 1951 jihar Indiyana ta yi doka cewa a buɗe sunayen masu karɓar taimakon kuɗi kowa ya gani, wai don a kunyata ƴan damfara. Gwamnatin tarayya ta tsai da kuɗin jihar, sai majalisar dokoki ta goyi bayan Indiyana, ta ba jihohi damar buɗe sunayen in sun so. Daga baya aka yi ta ƙara wa sirrin majinyaci kariya, musamman da dokar 1996 wadda ta shafi asibitoci da kamfanonin inshora. A 2013 hukumar ICE, mai farautar baƙin da ba su da takardun zama, ta rubuta da hannunta cewa ba za ta yi amfani da bayanan da mutane suka bayar wajen neman inshorar lafiya don ta kama su ba. A kan wannan alkawari miliyoyin mutane suka cika takardu, suka rubuta adireshin gidajensu na gaskiya.

Sai gwamnati ta canza. A Yuni 2025 kamfanin dillancin labarai na AP ya bayyana cewa ma'aikatar lafiya ta gwamnatin Donal Tiramp ta miƙa wa ma'aikatar tsaron cikin gida bayanan masu Medicaid na Kalifoniya, Ilinoi, jihar Washintan da babban birnin ƙasar, wuraren da suke biya wa wasu baƙi magani da kuɗin kansu. A Yuli aka ji an sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ba ICE damar leƙa kundin mutum miliyan 79, kusan ninki uku na al'ummar Nijar: suna, adireshi, ranar haihuwa, ƙabila da lambar ɗan ƙasa. Jihohi ashirin suka kai ƙara. A Agusta wani alƙalin tarayya a San Faransisko ya tsai da abin na wucin gadi a jihohin da suka yi ƙarar, a ƙarshen Disamba kuma ya sassauta, ya yarda a ba da bayanan shaida da na wurin zama na waɗanda ba su da izinin zama a ƙasar, ban da bayanan ciwo.

Ba shari'ar baƙin haure na zo yi ba, kowace ƙasa da dokar shige da ficenta. Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne yadda abin ya faru. Ba ɓarawo ne ya fasa kwamfuta da dare ba, hukuma ce ta buɗe wa hukuma da rana tsaka. Bayanan da uwa ta bayar don a duba zazzaɓin ɗanta su ne suka zama taswirar ƙofar gidanta. Alkawarin 2013 takardar ofis ce, sabon shugaban ofis ya zo ya ajiye ta gefe. Abin da ya ɗan ja wa lamarin birki shi ne rubutacciyar doka, da jihohi masu ƙarfin kai ƙara, da alƙali mai iya ce wa gwamnati dakata. In haka ta faru a ƙasar da take da waɗannan duka, ina ga inda talaka bai san ma hanyar kotu ba? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

KYAKKYAWAR NIYYA BA KATANGA BA CE

Kada a ce sai mugun shugaba ne yake tona asiri. A Kenya, cikin Fabrairu 2015, shugaba Uhuru Kenyata ya umurci jami'an mulki na yankuna su tattara sunayen ƴan makaranta masu ɗauke da cutar sida, da na masu riƙon su, da na mata masu ciki da masu shayarwa da suke ɗauke da ita. Manufar, in ji gwamnati, a taimaka musu da magani ne. A Disamba 2016 babbar kotun ƙasar ta ce umurnin ya saɓa wa tsarin mulki, ta kuma ce a mai da bayanan yadda ba za a iya haɗa sunan mutum da cutarsa ba. Kotun ta gane abin da kowace uwa ta sani: yaron da aka san da cutarsa a makaranta, ko an ba shi magani an hana shi abokin wasa.

Faransa ma, wadda yawancin dokokinmu suka ɗauko salonta, tsoro ne ya sa ta yin dokarta ta 6 ga Janairu 1978. A 1974 jaridu suka tona wani shiri mai suna SAFARI, na haɗa kundayen hukumomi duka da lambar mutum guda, jama'a suka yi ca, aka jingine shirin, aka kafa hukumar CNIL. Duk da haka a farkon 2024 ɓarayin intanet suka kwashe bayanan mutum fiye da miliyan 33 daga kamfanoni biyu masu shiga tsakani wajen biyan kuɗin magani. Abin da aka tara wuri guda, ana iya kwashe shi dare guda.

AMSA GA MASU CEWA BA KOMI

Na san abin da za a ce, domin na sha jin sa a ofisoshi da majalisun hira.

Na farko zai ce: ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mai son magani dole ya buɗe. Gaskiya ne, amma ga mai yi masa wanka, cikin makewayi, an saki zana. Ba a taɓa yin wankan jego a tsakiyar kasuwar Maraɗi ba. Majinyaci ya buɗe wa likita komi, wannan ba gardama. Akawu mai lissafin kuɗi kuma me ya haɗa shi da sunan mai ciwon?

Na biyu zai ce: dukiyar jama'a ce, dole a bincika don kada a yi damfara. Mun yarda, a bincika. To amma wa yake iya cin kuɗin maganin kyauta? Tsohuwar da ba ta iya karanta takardar da ke hannunta, ko mai biro da hatimi wanda yake iya rubuta aikin da ba a yi ba? Bincike na gaskiya yana bin takardun biya da ɗakin ajiyar magani, kuma mai bincike wanda ya yi rantsuwa yana iya duba rajista a inda take, ba sai an kwafe ta an yi yawo da ita ba. Sa'an nan in batun riƙon amana ne, kowa ya san baitulmali ta yi shekaru gidajen likita suna bin ta bashin biliyoyin sefa na maganin kyauta. Wanda bai biya bashinsa a kan kari ba, sai ya rage murya in yana zargin talaka da ha'inci.

Na uku, wanda ya fi ba ni mamaki, shi ne ɗan boko ɗan'uwana da zai ce: wannan zancen sirri na Turawa ne, mu a gida ɗaya muke, kowa ya san kowa. Wace ƙasa ya girma? A ƙasar da mace take ɓoye cikinta har sai ya fito da kansa, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, inda ake cewa "ba ya jin daɗi" maimakon a ambaci ciwo, a nan ne za a ce ba a san sirri ba? Mu ne muka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma daidai saboda kowa ya san kowa ne tonon asiri ya fi ciwo a wurinmu. A babban birnin Turai mutum yana iya ɓacewa cikin taro. A garin da ba ya wuce unguwa huɗu, in aka ji mace tana yoyon fitsari, ko saurayi yana shan maganin sida, ko magidanci ya taɓa kwanciya don taɓin hankali, to aure ya mutu, baiko ya watse, mai shago ya daina ba da bashi, masu sayen fura sun koma wata ƙwarya. Magana zarar bunu ce.

Na huɗu zai ce: ai a bainar jama'a ake tantance marasa hali a ƙauye, don kada mai gari ya cusa danginsa. Wannan hujja tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Taron gari yana hana son kai, kuma a ƙauye talauci ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma a tsaya nan. Gari yana iya shaida cewa wane ba ya da hali. Gari ba ya da hurumin sanin abin da likita ya gani a jikinsa. Rajistar talauci dabam, rajistar ciwo dabam, kuma kada a bar ƙofa tsakaninsu.

Na biyar zai ce: ƙasa tana cikin yaƙi, tsaro ya fi komi. Ba mu musa ba, ƴaƴanmu ne suke mutuwa a Tilaberi da Difa. In ana neman wani mutum takamaimai da laifi takamaimai, alƙali ya sa hannu a duba abin da ya shafe shi. Abin da muka ƙi shi ne a jefa koma cikin kundin marasa lafiya duka. A Agusta 2024 an kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa. Ba mu ce an taɓa haɗa shi da rajistar asibiti ba. Cewa muke a rubuta cikin doka ba za a haɗa ba, domin ranar da mutanen karkara suka fara zargin cewa littafin likita yana zuwa hannun jandarma, ranar ce za su daina kai yara rigakafi, kuma ƙyanda da sanƙarau ba su tambayar ra'ayin kowa kafin su shiga gida.

Ga masu mulki kuma ina da tunatarwa guda. Daga taron ƙasa na 1991 zuwa yau, sau nawa kujera ta canza mai ita? An rushe jam'iyyu a Maris 2025, amma kundi ba ya rushewa. Wanda kuka tara yau, wani ne zai gaje shi gobe, wataƙila wanda ba ku so, wataƙila mai neman ƙuri'a wanda zai aika a ce wa ƙauye kaza: mun san ku nawa ne kuke shan magani kyauta, ku yi tunani. Ba a ba kura ajiyar nama don an ga yau ta ƙoshi.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba dogon buri ba ne, kuma mafi yawansa ba ya cin ko tamma.

Na ɗaya, duk dokar da za ta kafa inshorar lafiya ta kowa ta ƙunshi aya guda bayyananniya: bayanan da aka karɓa don magani, magani da biyan kuɗinsa kaɗai za a yi da su. A sa ta cikin dokar kanta, kada a bar ta ga takardar minista wadda wani minista zai soke.

Na biyu, kada a miƙa waɗannan bayanai ga ƴan sanda, ko jandarma, ko masu haraji, ko shugaban ma'aikatar da mutum yake aiki, ko wani kamfani, sai da umurnin alƙali a kan mutum guda da aka ambata.

Na uku, takardun neman biya su riƙa tafiya da lamba, suna ya tsaya a gidan likita.

Na huɗu, kati iri ɗaya, layi ɗaya, kira iri ɗaya ga mai biya da wanda ake biya wa. Kada launin takarda ya zama tambarin talauci. Ma'aikatar magajin gari ta shaida rashin hali, ta bar tambayar ciwo ga masu ita.

Na biyar, kwamfuta ta riƙa ajiye sawun duk wanda ya buɗe kundin mutum, kuma mai kundin ya sami ikon tambaya a gaya masa. Tsofaffin rajistoci a kulle su ko a ƙone su, kada su ƙare a hannun mai ƙosai.

Na shida, hukunci ya hau wanda ya ba da umurni kafin ya sauko kan ƙaramin ma'aikaci. In masinja kaɗai ake kamawa, dokar wasa ce.

Na bakwai, ƙungiyoyin agaji, na gida da na waje, su daina ɗaukar hoton majinyata suna yaɗawa a Facebook da WhatsApp don neman kuɗi. Yardar da aka karɓa daga mai jin yunwa, buhu a gabansa, ba yarda ba ce.

Na takwas, hukumar kare bayanai ta fito daga Yamai. Ta shiga rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, ta gaya wa mutane haƙƙinsu da inda za su kai kuka, ta kuma riƙa buga wa jama'a yawan ƙarar da ta karɓa da hukuncin da ta yanke.

Sandikar likitoci da ta ma'aikatan jinya, ku ne kuka fi kowa sanin ɗakunan da ba su da ƙofa da kabad ɗin da ba su da makulli. In kuna rubuta buƙatunku, ku ƙara wannan a ciki. Malamai masu wa'azi, kun sha gaya mana ladan wanda ya suturta ɗan'uwansa, ku gaya wa masu riƙe da rajista su ma.

Gwaggo tana nan da rai, alhamdu lillahi, ko da yake jinkirin wata huɗun nan ya bar mata abin da ba zai warke ba. Kwanan baya na gaya mata ana shirin ba kowa katin magani. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce: "Ɗana, katin nan, wa da wa za su karanta shi?" Ban sami abin ce mata ba. Ranka ya daɗe ministan lafiya, tambayar taka ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.